Yadda Ake Saita Firinta Don Buga Hoton Baƙi da Fari a Takardu Iri-iri

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka hoton baƙi da fari ya fi mai launi sauƙin bugawa. Ba haka abin yake ba. A hoto mai launi, in shuɗin sama ya ɗan karkata ko koren ganye ya ɗan yi duhu, ba kowa ke lura ba. Launin toka kuwa ido ba ya yi masa afuwa. Da ya ɗan ja zuwa kore ko ja, nan take ido ya cafke shi, ko da mai kallon bai iya faɗin abin da ke damun hoton ba. Ga kuma matsalar inuwa: gashin kai ko baƙar riga da kake ganin zarenta dalla-dalla a allon kwamfuta sai ta fito a takarda dunƙule guda, kamar an zuba kwalta.

Kafin ka taɓa ko wane maɓalli, ka riƙe wannan: ba firinta kaɗai ake saitawa ba. Abu huɗu ake haɗawa a saita su tare, wato firinta, tawada, takarda da saitin da ka zaɓa a direban firintar, manhajar da kwamfuta ke sarrafa firinta da ita. Ka sauya ɗaya, awon da ka yi ya tashi daga aiki. Saboda haka kowace takarda aikinta daban, daga farko har ƙarshe.

Me firintarka za ta iya?

Fara da duba tawadar da ke cikinta. Firinta mai baƙar tawada guda ɗaya, in za ta yi launin toka, ko dai ta warwatsa ɗigon baƙi har ido ya riƙa ganin tsaki-tsaki a wurare masu haske, ko ta cakuɗa shuɗi da ja da rawaya. Cakuɗin nan shi ke haifar da karkatar launi, domin da ɗayansu ya ɗan yi yawa, toka ta gurɓace. Firintocin da aka yi don masu hoto suna da tawadar toka ta musamman. A 2005 Epson ya fito da tawadar UltraChrome K3 mai baƙi hawa uku: baƙi, toka mai duhu da toka mai haske, tare da wani tsarin bugu a direba da ake kira ABW, na baƙi da fari zalla. Canon ma yana da irin wannan. PRO-1000 tana da tawada 12, ciki har da baƙi biyu da toka biyu.

Sannan akwai bambanci tsakanin tawadar rini, wadda ke narkewa ta shige cikin fatar takarda, da tawadar figiment, mai ƙananan ƙwayoyin gari da ke zaunawa a sama. Ta rini tana sheƙi da kyau a takarda mai santsi, amma ta figiment ta fi jure haske da shekaru, kuma kusan duk wanda ya ɗauki baƙi da fari da muhimmanci ita yake amfani da ita. Abin da zan faɗa a nan ya fi shafar ta figiment.

A firintar figiment baƙi iri biyu ne. Akwai PK na takarda mai sheƙi, akwai MK na takarda mara sheƙi. Ka sa PK a takardar auduga, baƙin ya fito a koɗe kamar tsohon yadi. Ka sa MK a mai sheƙi, ya ƙi kamawa, yatsa ma sai ya goge shi. Tsofaffin firintocin Epson irin P600 da P800 bututu ɗaya baƙaƙen biyu ke bi, sai an yi sauyi ana zubar da tawada a duk lokacin da aka canja nau'in takarda. P700 da P900 da suka fito a 2020 kowane baƙi da hanyarsa. In taka tsohon tsari ce, tara aikin takardu marasa sheƙi ka gama su rana guda, sannan ka juya.

Mataki na farko: lafiyar na'ura, allo da fitila

Buga gwajin hujojin feshi daga direba. Ka duba shi da kyau, musamman layukan toka mai haske da rawaya, don su ne ke ɓoye gibi. Huji ɗaya da ya toshe ya isa ya ɓata awo, kuma abin haushin shi ne ranar da ya buɗe, gyaran da ka gina a kansa ya zama kuskure. In an ga gibi a wanke kan firintar, wato sashen da ke fesa tawada, sau ɗaya ko biyu, in bai tafi ba a bar ta ta huta wasu sa'o'i maimakon a yi ta wanki ana ƙarar da tawada. Bayan haka a daidaita kan firintar da takarda mai kaurin wadda za a yi aiki da ita.

Allon kwamfuta shi ne babban mai laifi a ƙorafin nan na “hotona ya fito da duhu”. Yawancin alluna suna zuwa da haske fiye da kima. Kai kuma ka gyara hoto a kan wannan hasken, ka ga inuwa a buɗe, alhali a cikin fayil ɗin a rufe take. Rage hasken zuwa tsakanin kandela 80 da 120 a kowace murabba'in mita, gama (ma'aunin yadda toka ke tafiya daga duhu zuwa haske) 2.2, farin allo D65 ko D50 (ma'aunan launin farin haske). In kana da na'urar saita allo, yi amfani da ita.

Sai fitilar da za ka duba bugu a ƙarƙashinta. Ƙa'idar ISO 3664 ta tsayar da hasken D50, mai kama da hasken rana, da ƙarfin lakis 2000 don binciken ƙwaƙwaf, 500 kuma don duba na yau da kullum. Ba dole ka sayi akwatin duba hoto ba. Abin da ya zama dole shi ne fitila ɗaya, wuri ɗaya, kullum. Wanda ya duba gwajin farko a bakin taga da hantsi, ya duba na biyu da dare ƙarƙashin ƙwan ɗaki, ba takarda yake kwatantawa ba, fitilu yake kwatantawa.

Mataki na biyu: san takardarka

A nan zan ɗan daɗe, don takarda ce ke yanke iyakar abin da hoto zai iya zama. Farin hoton farin takarda ne, firinta ba ta da farar tawada. Baƙinsa kuma ba ya wuce abin da fatar takardar ta yarda ta riƙe.

Takardar auduga mara sheƙi, irin Hahnemühle Photo Rag mai nauyin giram 308 a kowace murabba'in mita, tana da laushi a ido, ba ta maido da walƙiya, tana da daɗin taɓawa. Amma baƙinta ba ya nisa. A ma'aunin L*, wanda ke tafiya daga 0 baƙi ƙirin zuwa 100 fari fat, irin wannan takarda baƙinta kan tsaya wajen 15 zuwa 18. Takardar barayta, mai shimfiɗar sinadarin bariyom salfet kamar takardun ɗakin duhu na da, ita kan sauka har wajen 5 ko ƙasa. Lambobin ba su yi kama da masu nisa da juna ba, amma yi lissafin hasken da ke dawowa: a ta auduga fari ya ninka baƙi kusan sau 40, a barayta ya haura sau 150. Allon kwamfuta na yau da kullum kuwa wajen sau 1000 yake bayarwa. Ka ga dalilin da ya sa hoto ɗaya ba zai taɓa zama iri ɗaya a wurare ukun nan ba, komai ƙwarewar mai saiti.

Akwai kuma takardar RC mai rufin roba a fuska biyu, wadda ta fi sauƙin sha'ani, tana bushewa da wuri, baƙinta na da zurfi, sai dai a hannu ta fi kama da leda. Akwai takardun Japan na ɓawon itacen kozo, sirara masu shan tawada, waɗanda ke neman a rage musu ruwa sosai.

Abu na gaba shi ne sinadarin ƙara fari. Kamfanoni da dama suna zuba wa takarda wani sinadari da ke shan hasken UV ya maido shi shuɗi-shuɗi, sai ido ya ga takardar ta fi fari. Haska mata tocilan UV a cikin duhu. In ta ɗauki walƙiyar shuɗi, yana ciki. Illarsa biyu. Kamannin hoton yana sauyawa gwargwadon UV ɗin da ke cikin hasken wurin, sannan sinadarin yana mutuwa da shekaru, takardar ta koma ruwan madararta na asali. Ni dai hoton da za a rataye shekara da shekaru na fi son in buga shi a takardar da ba ta da shi, ko mai ɗan kaɗan.

Da ka zaɓi takarda, nemi takardar bayanin da kamfaninta ya fitar don irin firintarka. A ciki za ka ga nau'in takardar da za ka zaɓa a direba. Wannan zaɓin ba suna ba ne kawai. Shi ke tsayar da wane baƙi za a fesa, yawan tawadar, nisan kan firinta daga takarda da yadda za a riƙa jan ta. Takarda mai kauri tana son a buɗa wannan tazarar, in ba haka ba kan firintar ya goge ta ya bar baƙin zane a gefe. Ka kuma tabbata fuskar da aka shafa wa sinadari ce ke kallon tawada. A takardar auduga fuskokin biyu kan yi kama. Ɗan jiƙa yatsa ka taɓa kusurwa, fuskar bugun ita ce mai ɗan danƙo. Kafin ka saka ta, share ta da burushi mai laushi, don ɗan zaren auduga da ya sha tawada ya faɗi daga baya farin tabo yake bari.

Mataki na uku: zaɓi hanya ɗaya

Hanyoyi uku ne. Ta farko, ka buga ta furofayil ɗin ICC na launi, wato fayil mai bayyana yadda firinta da takarda ke fitar da launi, kamar kowane hoto mai launi. Tana ba ka damar ganin kwaikwayon bugun a allo, amma ita ta fi zuba tawadar launi a cikin toka. Ta biyu, tsarin baƙi da fari na direba, ABW a Epson ko takwaransa a Canon. Wannan ya fi dogara da tawadar toka, baƙinsa sau da yawa ya fi zurfi, launinsa ya fi tsayuwa. Ta uku, manhaja ta daban da ke karɓe ragamar kowace tawada, irin QuadToneRIP da Roy Harrington ya rubuta don firintocin Epson. Masu zurfafawa har sukan cire tawadar launi gaba ɗaya su zuba jerin toka zalla, kamar tsarin Piezography na Jon Cone.

Shawarata ga mai farawa ita ce ta biyu. Ta uku tana da daɗi, amma rami ce mai zurfi. Kada ka faɗa sai ka ga abin da ta biyu ta kasa yi maka.

Kowacce ka ɗauka, wuri ɗaya ne kawai zai sarrafa launi. In manhajar gyaran hoto ce ke riƙe da furofayil, a kashe sarrafa launi a direba. In direba ne ke yi, kamar a ABW, a gaya wa manhajar ta bar wa firinta. In duka biyun suka sa hannu, hoton kan fito da duhu ko ja-ja, kuma babu lanƙwasar gyaran haske (Curves) da za ta gyara shi.

Mataki na huɗu: tsanin toka

Kayan awonka shi ne tsanin toka mai gurabe 21, daga fari zalla zuwa baƙi zalla, kowane gurbi ya fi na bayansa duhu da kashi 5 cikin 100. QuadToneRIP yana zuwa da nasa, akwai kuma mai gurabe 51 ga mai son ƙarin daki-daki. Kana iya haɗa naka, muddin ka cika kowane gurbi da lambarsa daidai, kuma ka yi shi da faɗin da bakin na'urar awo zai zauna a ciki, kamar santimita ɗaya da rabi. Fayil ɗin ya kasance a sararin toka na gama 2.2, irin wanda hotunanka za su kasance a ciki. Kula da Photoshop a nan: saitinsa na asali na toka Dot Gain 20% ne, wanda aka yi don injin buga littattafai. Sauya shi.

Ƙara layi biyu a ƙasan tsanin. Ɗaya na inuwa: gurabe daga kashi 90 zuwa 100, ɗaya bayan ɗaya, a kan baƙar shimfiɗa. Ɗaya na haske: daga 0 zuwa 10 a kan fari. Waɗannan ido kawai suke buƙata, kuma su ne za su nuna maka inda hotonka ke fara ɓacewa a kowane gefe.

Buga shi da saitin da za ka riƙa buga hotuna na gaske, ba wani na gaggawa ba. Ingancin bugu ɗaya, ɗigo 1440 ko 2880 a kowane inci a Epson, kuma ka yanke shawara tun yanzu ko kan firintar zai riƙa feshi a tafiya da dawowa ko a tafiya kaɗai. Ta biyun ta fi jinkiri, ta fi tsabta. In ta hanyar ICC kake bi kuma kana son buga shafin awo ba tare da wani furofayil ya taɓa shi ba, ka sani tun fitowar CS5 a 2010 Photoshop ya cire wannan zaɓin. Sai ka bi ta Adobe Color Printer Utility ko wata manhaja mai irin aikinta.

Da ya fito, rubuta komai a gefensa da fensir: kwanan wata, sunan takarda, nau'in da ka zaɓa a direba, wane baƙi, inganci. Sannan ka ajiye shi a fili ya kwana. Awa 24. Na san da wuya. Na taɓa auna tsani minti goma bayan fitowarsa, na gina gyara a kai, na buga hotuna shida, washegari na sake aunawa na tarar lambobin inuwa duk sun matsa. Tawada tana ci gaba da zama bayan ta bushe a taɓi, kuma a gefen duhu ne sauyin ya fi yawa, daidai inda ka fi buƙatar gaskiya.

Mataki na biyar: iyakar tawada

Kafin gyaran tsaka-tsaki, a tsayar da ƙarshen tsanin. Kowace takarda tana da inda take ƙoshi. Bayan nan duk tawadar da aka ƙara ba ta ƙara baƙi, sai dai ta cike gurabe na ƙarshe su zama ɗaya, ta yi dabbare-dabbare, ta malala a gefen layi, wani lokaci ma baƙin ya ja baya ya ɗan yi haske. Alamarta a tsani ita ce kashi 90 da 95 da 100 su ba da lamba kusan ɗaya, ko na 95 ya fi na 100 duhu.

A QuadToneRIP akwai shafin da ke buga kowace tawada ita kaɗai daga 0 zuwa 100. Sai ka nemi gurbin da baƙi ya daina ƙaruwa, ka sa iyakar a nan ko ƙasa kaɗan. A direba kuwa sai dai ka rage yawan tawada da maɓallin da aka tanada, kashi 5 a lokaci guda, ko ka gwada wani nau'in takarda na kusa da wanda aka ba ka. Kowane gwaji abu ɗaya za ka canja. Taura biyu ba ta taunuwa: in ka rage tawada kuma ka sauya nau'in takarda a bugu ɗaya, ko ya yi kyau ba ka san wanne ya gyara ba. Don tsimin takarda, yi tsanin siriri ka riƙa mayar da shafi ɗaya kana bugawa a sabon wuri.

Kada son baƙi ya rufe maka ido. Baƙin da ya tsaya a 17 da inuwa a buɗe ya fi na 16 da inuwa a cushe.

Mataki na shida: awo da lissafi

Na'urar awon launi, irin i1Pro ta X-Rite ko ColorChecker Studio ta Calibrite, ita ke karanta kowane gurbi ta ba ka lamba uku: L* na haske, a* da b* na launi. Manhajar ArgyllCMS ta Graeme Gill kyauta ce kuma tana aiki da yawancinsu. Shimfiɗa farar takarda biyu ko uku irin wadda ka buga a ƙarƙashin tsanin, don kada launin tebur ya ratso. Auna kowane gurbi sau biyu ko uku ka ɗauki matsakaici, musamman a takarda mai gurje-gurje.

Abin da ake nema shi ne tazara ɗaya tsakanin kowane gurbi da na kusa da shi. Ga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce farin takarda ya ba da 96, baƙi ya ba da 16. Tsakaninsu 80. Gurabe 21 suna da tazara 20, don haka kowace tazara 4 ce. Kenan kashi 5 ya kamata ya ba da 92, kashi 25 ya ba da 76, kashi 50 ya ba da 56, kashi 75 ya ba da 36, kashi 95 ya ba da 20.

Yanzu a ce da ka auna, kashi 50 ya ba da 49. Ya yi duhu da maki 7. Tambayar ita ce: wane gurbi ne a bugun nan ya ba da 56 ɗin da ake nema? Ka duba, kashi 40 ya ba da 57.5, kashi 45 ya ba da 53. To 56 yana tsakaninsu, sulusin hanya daga 40, wato wajen 42. Ma'anarsa, duk inda hoto ya ce 50, a aika wa firinta 42. Buɗe Curves a Photoshop, juya shi ya riƙa nuna kashin tawada, ka kafa ɗigo: shiga 50, fita 42. Haka za ka yi wa sauran. Ba sai ka kafa duka 21 ba. Bakwai ko takwas sun isa, ka fi yawaita su daga kashi 75 zuwa sama, inda tsani ya fi cushewa. Fari da baƙi na ƙarshe kada ka taɓa su. Lanƙwasar ta tafi sumul. In ka ga ta yi ƙusumbi a wuri ɗaya, mai yiwuwa awon gurbin ne ya kuskure, sake auna shi. Lanƙwasa mai gargada tana fitowa a hoto kamar zobba a sararin sama ko a fatar fuska.

Ajiye lanƙwasar da sunan takardar. Ɗora ta a kan tsanin, sake bugawa, sake jiran kwana, sake aunawa. In kowane gurbi ya zo tsakanin maki ɗaya da abin da ake nema, ka tsaya. Zagaye na uku da na huɗu yawanci bin ƙananan kurakuran na'urar awo ne kawai. Masu QuadToneRIP ba sa wannan lissafin da hannu, lambobin 21 suke zuba masa ya yi da kansa.

Akwai wani abu da ke rikita mutane a nan, ni ma ya rikita ni. Tsanin da ya miƙe a L* ba daidai yake da abin da allo ke nunawa ba. A gama 2.2, kashi 90 na baƙi yana wajen L* 6 ne, ba 10 ba, kashi 95 kuma bai kai 2 ba. Wato allo yana matse inuwa, miƙaƙƙen tsani yana buɗe ta. Saboda haka bugun farko bayan gyara zai iya yi maka kamar ya ɗan yi fayau a gefen duhu. Ba kuskure ba ne. Maganinsa shi ne ka gina furofayil ɗin ICC na toka daga waɗannan lambobin. QuadToneRIP yana da ƙaramar manhaja mai yin haka, kuma tana karɓar awon tsanin da aka buga ta ABW. Da wannan furofayil ɗin za ka ga kwaikwayon takardar a allo, ka gyara hoton kana kallon abin da zai fito.

Launin tokar

Koma kan a* da b*. In a* ya haura sifili toka ta ja zuwa ja, in ya sauka ta ja zuwa kore. In b* ya haura, rawaya. In ya sauka, shuɗi. Tawadar kabon da kanta ruwan ƙasa-ƙasa ce, shi ya sa direba ke ɗiga mata ɗan shuɗi da ɗan ja don ta daidaita. Ba sifili ake nema a ko'ina ba. Takarda mai ruwan madara b* ɗinta yana sama da sifili tun kafin tawada ta taɓa ta, kuma in ka tilasta wa tokar zama sifili a kanta, wurare masu haske sai su yi kamar shuɗi kusa da farin takardar. Abin da ake so shi ne lambobin su taso daga launin takarda su gangara a hankali, ba tsalle. Wanda ido ya fi ƙi shi ne haske ya ja kore, inuwa ta ja ja. A ABW akwai da'irar launi da ake matsar da ɗigonta. Matsa kaɗan-kaɗan, maki biyu ko uku, kuma ka tuna in ka matsa da yawa sai an sake duba tsanin. In takardar tana da sinadarin ƙara fari, ka riƙe yanayin awo ɗaya, M1 mai haɗawa da UV ko M2 mai yanke shi, kada ka gauraya su.

Ɗauki bugun ka kai shi hasken rana, ka dawo da shi ƙarƙashin fitilar ɗaki. In launinsa ya juya sosai tsakanin biyun, tawadar launi ta yi yawa a cikin tokar. A takarda mai sheƙi kuma karkata shi ka kalle shi ta gefe: wani lokaci baƙin kan yi walƙiyar tagulla, ko wurin da ba tawada ya bambanta da sauran wajen sheƙi. Wasu firintocin Canon suna da wani ruwa mara launi mai rufe hoto don wannan. In taka ba ta da shi, sa mafi hasken hoton ya tsaya a kashi 1 ko 2 maimakon sifili, don ko'ina ya sami ɗan tawada.

In babu na'urar awo

Sikana tana iya tsayawa a madadinta, ba daidai wa daida ba amma da amfani. Kashe duk wani gyaran kai-tsaye da take yi, ka ɗora tsaninka gefe da gefe da ma'aunin toka da aka san lambobinsa, irin Kodak Q-13 mai gurabe 20, ka ɗauke su a zama ɗaya, sannan ka kwatanta. Rauninta a inuwa yake, don sikana ba ta gani sosai a cikin duhu. Launin toka kuwa kada ka yarda da hukuncinta. In ita ma babu, layukan nan biyu na inuwa da haske su ne madogararka. Gurbin ƙarshe da ka iya bambancewa da baƙi, a ce kashi 94, shi ne iyakarka. Ja lanƙwasa a hankali yadda 98 zai sauko kusa da nan, ka sake bugawa.

Hoto na gaske, da takarda ta biyu

Tsani ba hoto ba ne. Ka tanadi hoto ɗaya na gwaji da ba ka canjawa, mai fuskar mutum, da sarari mai tafiya sumul daga haske zuwa duhu, da baƙin yadi mai zare, da farin abu mai laushi. Shi za ka buga a kowace sabuwar takarda bayan an gama awo. Girman fayil ya dace da firinta, fiksel 360 a kowane inci a yawancin Epson, 300 a Canon, kuma ka yi aiki a bit 16 don kada lanƙwasa ta yayyaga toka.

Da ka ɗauko takarda ta biyu, koma mataki na biyu. Lanƙwasar barayta ba ta aiki a auduga, ko ta wata audugar ba lallai ta yi a wannan ba. Kuma ko bayan awo ya daidaita, hoton da kansa yana son gyara daban. A ta auduga, tunda tazarar baƙi da fari gajera ce, nakan ɗan ƙara bambanci a tsakiyar toka, in buɗe inuwa kaɗan, in ƙara kaifi fiye da na barayta domin tawada tana ɗan bazuwa a zaren. Wannan gyaran a kwafi ake yin sa, asalin fayil ya zauna yadda yake. Wajen kwaikwayo a allo ka kunna maɓallin daidaita baƙi, BPC, in ba haka ba duk abin da ya fi baƙin takarda duhu zai dunƙule. Kada ka firgita in ka kunna kwaikwayon takarda mara sheƙi ka ga hoton ya dushe. Kau da kai na ɗan lokaci, ka dawo ido ya saba.

Takarda biyu da ka san halinsu, ɗaya mai sheƙi ɗaya mara sheƙi, sun fi goma da kake taɓa kowacce sama-sama. Ajiye saitin kowacce a direba da sunanta, ka haɗa tsaninta da lambobinta a jaka ɗaya nesa da haske. Sake buga tsanin in ka buɗe sabon kwali daga wani zubin, in an sabunta direba ko tsarin kwamfuta, ko in firintar ta yi wata da watanni ba aiki. Ka yi wannan da sauran lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Hoton da za a sa a gilashi kuma kada a yi masa gaggawa, musamman na RC da barayta. Akwai ruwan gilaikol a cikin tawada da ke ci gaba da fita bayan an ga kamar ta bushe, kuma in aka rufe shi da wuri yakan bar hazo a cikin gilashin. Bar hoton ya sha iska tukuna, sannan ka ɗora masa farar takardar rubutu ta kwana a kai. In ka tarar ta lanƙwashe, ta tsotsi ruwan ke nan. Sa wata sabuwa, ka ci gaba da canjawa har ranar da ka ɗaga ta ka same ta a miƙe.